HAJIYA GAMBO SAWABA, MATAR DA TA NEMA WA MATAN AREWA ƘURI'A

Duk wanda ya taɓa fita ranar zaɓe a Gwarzo ko Kabo ya san layi biyu ake yi a bakin rumfa, na maza da na mata. Sau da yawa ma layin mata ya fi tsawo. Za ka ga tsohuwa da sandarta, ga mai goyo, ga budurwar da ba ta daɗe da cika shekara 18 ba, kowace riƙe da katinta. Ɗalibanmu sun tashi sun tarar da haka, suna tsammani tun asali haka abin yake. To, ku sani har zuwa shekarar 1976 babu macen da doka ta yarda ta jefa ƙuri'a a Arewacin Nijeriya, balle a ce ta tsaya takara. Da yawa daga cikin kakanninku sun yi aure, sun haihu, sun aurar da 'ya'ya, ba su taɓa ganin akwatin zaɓe ba.

Mutane da yawa suka yi wahala kafin a buɗe wannan ƙofa, amma a cikin mata babu wadda ta sha wuya kamar Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Tarihinta ne za mu duba a bana, domin yanzu mata sun fara fitowa neman kujerar kansila da ta ciyaman a ƙananan hukumomi, kuma kowannenmu zai fuskanci tambayar ko ya goyi bayansu ko ya juya musu baya.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haife ta ran 15 ga Fabrairu, 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake tagwaye ta biyo, sai aka riƙa kiranta Gambo, kamar yadda al'adar Hausawa take. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin Gana ne. Ya zo Nijeriya ya yi aiki a reluwe, ya zauna a Zariya, ya shiga Musulunci. Mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce. Ke nan jinin ƙasa biyu ne a jikinta, kuma ta tashi cikin Hausawa da baƙi iri-iri waɗanda aikin jirgin ƙasa ya tara a Zariya.

Ta fara karatu a firamaren En'e ta Tudun Wada, Zariya. Masu ba da labarin ƙuruciyarta sun ce yarinya ce mai zafin zuciya, wadda ba ta iya ganin babba yana cin zalin ƙarami ta wuce. In ta tarar ana faɗa, sai ta shigar wa wanda aka fi ƙarfi, ta koma gida da yagaggen zane.

Karatun nata bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, tana da shekara 10. Bayan shekara 3 mahaifiyarta ta bi shi. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Da ta sami ciki sai mijin ya tafi bai komo ba, ya bar ta da jaririya, Bilkisu. Saboda haka duk abin da ta yi yaƙi da shi daga baya, wato auren wuri da cire yarinya daga makaranta da barin mace ba mai tsaya mata, ta ɗanɗana shi da kanta tun ba ta kai shekarun 'yan ajinmu na ƙarshe ba.

Yadda mulki yake a wancan zamani

Kafin a gane irin ƙarfin halinta, sai an san yadda ake mulkin talaka a lokacin. Turawan Ingila suna mulkin Arewa ta hannun sarakuna. Hukumar sarki ita ake kira En'e. A ƙarƙashin sarki akwai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. En'e ce ke karɓar haraji da jangali. Ita ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari. Wanda ya saɓa wa En'e, ita za ta kama shi, ita za ta yi masa shari'a, ita kuma za ta tsare shi.

Da aka fara siyasar jam'iyyu, sarakuna da ma'aikatan En'e suka taru a NPC, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya jagoranta. A nan ƙasarmu ma an ga misalin haka, gama Alhaji Bello Dandago, Sarkin Dawaki Mai Tuta, shi ne hakimin Gwarzo, shi ne kuma ya wakilci Gwarzo ta Gabas a majalisar tarayya a ƙarƙashin NPC.

Ran 8 ga Agusta, 1950, wasu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano don neman sawaba ga talakawa. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakan farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma an ba En'e dama ta cusa nata mutane a matakin ƙarshe, don haka ba ko ɗan NEPU ɗaya da ya kai majalisa. Shiga NEPU a wancan lokaci kuwa sayen wahala ne. Ana iya korar mutum daga aiki, ko a ƙara masa haraji, ko a ɗaure shi a kan ya yi lacca ba izini.

Shigarta siyasa

Gambo ta shiga NEPU tana da kimanin shekara 17. Reshen jam'iyyar na Zariya yana taro ne a ɓoye saboda tsoron En'e. Ba a daɗe ba aka zaɓe ta shugabar mata ta reshen Sabon Gari.

Wata rana ana lacca a Zariya, maza sun cika wuri, amma tsoro ya hana kowa ya hau ya yi magana. Sai yarinyar nan ta tashi ta hau kan dandamali ta yi jawabi. A wurin akwai wani babban ɗan NEPU da ake kira Alhaji Gambo Sawaba. Maimakon ya sa a sauko da ita, kamar yadda wasu za su yi, sai ya yaba mata, ya laƙaba mata suna Sawabiya. Daga nan sunan Gambo Sawaba ya bi ta, har ya rufe na yanka.

Ta kuma yi tafiya zuwa Abeokuta don ta ga Uwargida Funmilayo Ransome-Kuti, malamar makaranta wadda ta tara matan kasuwa suka yi ta zanga-zanga a kan harajin da aka ɗora wa mata, har Alake na Abeokuta ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a 1949. A wurinta Gambo ta ga yadda ake tara mata waɗanda ba su yi boko ba su zama ƙungiya mai ƙarfi. Bambancin yare da na addini bai hana babbar ta karɓi ƙaramar ta koya mata ba.

Abin da ya same ta a Kano

A 1952 jam'iyya ta aiko ta Kano don ta jawo mata. Yawancin matan birni suna cikin kulle, namiji ba shi da hanyar kai musu magana. Ita kuwa mace ce, ba mai hana ta shiga. Sai ta riƙa bi gida-gida, tana zama da mata a tsakar gida, tana yi musu bayanin haraji da makaranta da asibiti da ƙuri'a. Labari ya kai ga hukuma. Aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali a kan laifin fitar da matan kulle, aka ɗaure ta. Wannan ne ɗaurinta na farko, tana da shekara 19.

Da ta fito ba ta daina ba. Aka sake kama ta tare da mata kusan 200 a kan sun yi taro ba takardar izini, aka yanke musu wata ɗaya-ɗaya. Daga baya hukumar En'e ta kore ta daga Kano gaba ɗaya, 'yan doka suka raka ta aka mai da ita Zariya. Ya kamata mu mutanen Jihar Kano mu riƙa tunawa da matan nan 200. Ba a rubuta sunayensu a littattafan makaranta ba, amma kowace ta bar gidanta da 'ya'yanta ta kwana a kurkuku saboda ƙuri'ar da jikokinta ke jefawa yau.

Neman ƙuri'a

A shekarun 1950 matan Kudu suka sami damar zaɓe, na Gabas tun 1954. Da aka zo babban zaɓen Disamba 1959, wanda ya kai ƙasa ga samun 'yancin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma a Arewa maza kaɗai suka yi. A 1961 Uwargida Margaret Ekpo ta ci zaɓe ta shiga majalisar Jihar Gabas, alhali 'yar'uwarta ta Arewa ko rumfar zaɓe ba ta isa ta je ba. Shugabannin NPC sun tsaya a kan cewa al'adar Arewa ba ta yarda ba, kuma lokaci bai yi ba tukuna. NEPU kuwa tun farko ta sa ƙuri'ar mata cikin manufofinta.

A 1956 Gambo ta jagoranci mata suka tafi ofishin Firimiya a Kaduna, suka kai kukansu cewa a ba matan Arewa ƙuri'a. An saurare su, amma ba a biya musu bukata ba. Ta ci gaba da yawo gari-gari tana lacca. Ban da ƙuri'a, tana kira a sa 'ya'ya mata a makaranta, a daina aurar da ƙananan yara, a daina aikin tilas da harajin zalunci.

Abin da ta biya

An ɗaure ta sau 16. An ce har ta kai tana ajiye bargonta a shirye, don ta san ko yaushe 'yan doka na iya ƙwanƙwasa ƙofa. An yi mata bulala a bainar jama'a. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Wata rana 'yan banga suka tare ta, suka yi mata dūka suka yar a daji suna zaton ta mutu. Ta rasa haƙoranta na gaba. A 1957 sai da likitoci suka yi mata aiki suka cire mahaifarta saboda raunin da aka ji mata, ba ta sake haihuwa ba. Aure-auren da ta yi bayan na farko ma ba su ɗore ba, domin ba kowane miji ke iya zama da matar da yau tana gida gobe tana gidan yari ba.

Bayan dūka akwai wani makami da aka yi amfani da shi a kanta da sauran matan NEPU, wato ɓata suna. Duk macen da ta fito taron siyasa sai a kira ta karuwa. Wannan ya fi bulala tsoratar da mata, gama ciwon bulala yana warkewa, amma ɓacin suna yana bin mace har ya shafi 'ya'yanta. Ku lura da wannan, domin har yau shi ne makami na farko da ake ɗauka idan mace ta fito takara.

Ƙofa ta buɗe a ƙaramar hukuma

Sojoji suka karɓi mulki a Janairu 1966 suka rushe jam'iyyu duka. A shekarun da suka biyo baya aka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari, aka mai da su hannun gwamnati. Sa'an nan a 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kawo sabon tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka. Tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, ta sami ƙananan hukumomi 20, Gwarzo na cikinsu. A zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshen wannan shekara ne aka fara ba matan Arewa damar su zaɓa, a kuma zaɓe su. Tsarin mulki na 1979 ya tabbatar da haka ga duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18, mace ko namiji.

A lokacin Gambo tana da shekara 43. Ta yi shekara 26 tana neman abu ɗaya kafin ta gan shi da idonta. Kuma abin lura ne cewa ta ƙaramar hukuma aka fara, wato hukumar da ta gaji En'en da ta ɗaure ta.

A Jamhuriya ta Biyu ta shiga jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyya ta ƙasa. Tsohon jagoranta Malam Aminu Kano kuwa, da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PRP don zaɓen 1983, mace ya ɗauka mataimakiya, Uwargida Bola Ogunbo. Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, kafin a yi zaɓen.

Ƙarshen rayuwarta

Hajiya Gambo ba ta tara dukiya ba. Gidanta na Sabon Garin Zariya kullum cike yake da marayu da marasa lafiya da baƙi, ba ta tambayar ƙabilar mutum ko addininsa kafin ta ba shi abinci. Ta riƙe yara da yawa waɗanda ba ita ta haife su ba, ta sa su makaranta. A 1990 Rima Shawulu ya wallafa littafin tarihinta tana da rai. A 1998 ta ba da sanarwar ta bar siyasa, saboda a ganinta kuɗi ya maye gurbin aƙida. Ta rasu a Oktoba 2001 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tana da shekara 68. An sa sunanta a babban asibitin gwamnati na Ƙofar Gayan a Zariya, da kuma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Rabin aikin da ya rage

Abu biyu ta nema, mace ta zaɓa, a kuma zaɓe ta. Na farko ya samu sarai. Na biyu yana kan takarda, amma a aikace tafiyarsa ta hawainiya ce. A Janairu 2011 Uwargida Sarah Jibril ta tsaya zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a jam'iyyar PDP. Wakilai fiye da 3,000 suka jefa ƙuri'a, har da mata masu yawa, amma ƙuri'a ɗaya tak ta samu. Bayan zaɓen 2023, mata ba su kai biyar ba cikin sanatoci 109. Duk da haka akwai ci gaba. A 2019 aka zaɓi Dakta Hadiza Balarabe mataimakiyar gwamnan Kaduna. A zaɓen ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano a Oktoba 2024, mace ta hau kujerar shugabancin Tudun Wada.

Me ya sa kujerar ciyaman ta shafi mata ƙwarai? Ku duba ayyukan da tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, magudanan ruwa, kwashe shara, ƙananan hanyoyi, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa'an nan da sa hannu a makarantun firamare da asibitocin karkara da aikin gona. Wa ke kai yaro rigakafi? Wa ke zuwa awon ciki ta tarar ba ma'aikaciya? Wa ke tashi da asuba neman ruwa in famfon unguwa ya lalace? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kuma ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Ashe ke nan kujerar ba ta wasa ba ce.

Tarihin Hajiya Gambo ya nuna mana abin da ake nufi da goyon baya. Jarumtarta tata ce, amma ba ita kaɗai ta yi tafiyar ba. Akwai dattijon da ya bar ta a kan dandamali ya ƙara mata da suna. Akwai babbar mace a Abeokuta da ta koya mata aiki. Akwai jam'iyyar da ta amince ta aike ta Kano. Akwai mata 200 da suka bi ta kurkuku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka yake a yau. Macen da za ta nemi kansila ko ciyaman a Gwarzo ko Kabo tana bukatar miji da iyaye da za su yarda, su kuma tsaya a kan yardarsu ranar da surutu ya yi yawa. Tana bukatar masu sa mata hannu a takardar tsayawa, da masu taimaka mata da kuɗin fom, gama mata kaɗan ne ke da gona ko shanun da za su sayar. Tana bukatar wakilan jam'iyya da za su zaɓe ta a fid da gwani, domin a nan ne yawancin mata ke faɗuwa tun talaka bai ga sunansu ba. Tana bukatar a riƙa yin taron jam'iyya da rana, gama in an mai da shi tsakar dare an kore ta ke nan ba tare da an faɗa ba. Tana bukatar wakili mai amana a kowace rumfa, wanda zai tsaya har a gama ƙirga. Fiye da kome, tana bukatar mutanen da in sun ji ana ɓata mata suna a majalisa ko a tasha ko a waya, za su ce a kawo shaida ko a yi shiru.

Ba a ce a zaɓi mace don kawai ita mace ce ba. Akwai mace mai gaskiya, akwai marar gaskiya, kamar yadda yake a cikin maza. A yi mata tambayoyin da ake yi wa namiji. Wane aiki ta taɓa riƙewa? Da aka ba ta amanar kuɗin ƙungiya ko na adashi, ta fita lafiya? Ta san matsalar ƙauyuka ko a birni kawai take zaune? In ta ci wannan jarrabawa fiye da abokan takararta, to, hana ta ƙuri'a saboda ita mace ce zalunci ne, irin wanda aka yi wa kakanninmu.

Ku 'yan mata na wannan makaranta, Hajiya Gambo ba ta gama firamare ba, ku kuwa ga ku a sakandare. Ku riƙe karatunku da kyau, ku koyi tsayawa gaban jama'a ku yi magana, kada ku guji shugabancin aji ko na ƙungiya. Ku samari kuma, da yawanku za ku kai shekarun zaɓe kafin zaɓen ƙananan hukumomi mai zuwa. Wata rana 'yar ajinku ko ƙanwarku za ta zo ta ce tana neman kansila a mazaɓarku. Ranar nan ku tuna da Alhajin Zariya wanda ya ga yarinya ta hau dandamali bai ce a sauko da ita ba.

Allah ya ba ƙananan hukumominmu shugabanni masu gaskiya da tausayin talaka, maza da mata. Amin.